Ɓawon da Na Kankare a Bakin Hamada

Tongxin, farkon watan Shawwal

Zuwa ga ƙanwata Yuemei,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun yi Sallah lafiya, ke da maigidanki Malam Ding da mutanen shago. Mu nan sai godiya.

Na zaɓi takarda ne domin a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Na ji duk abin da kika faɗa shekaranjiya, har da wanda kika faɗa cikin kuka. Bari in maimaita, in na yi kuskure ki gyara mini. 'Yarki Wenjing ta gama jami'a a Lanzhou. Kin samo mata kujera a kamfanin jigilar kaya na wani abokin cinikinki a can Yiwu, ofis mai sanyi, kusa da gida, kuma mutumin ya ce zai riƙe mata wurin zuwa Babbar Sallah, ba zai wuce haka ba. Ita kuwa ta ƙi barin tashar binciken da ke bakin hamada a Zhongwei, inda take aikin gwaji tun bara waccan. Kin rantse ba za ki ƙara yi mata magana ba sai ta dawo. Kina so in je in ɗauko ta, tunda ni ce kusa, kuma tana jin nauyina.

Rantsuwar ce ta fi damuna, Yuemei. Amma ba yau zan yi miki wannan maganar ba.

Da na ajiye wayar sai na zauna ina tuna yadda muka faro. Tumakin Baba muke kora a duwatsu, mu dawo mu wuce makarantar mata ta masallaci wurin Malama Mian. Kin fi ni kaifin kai, na fi ki iya zama. Larabci ɗaya muka koya a tabarma ɗaya. Ke ya kai ki Yiwu kika zama tafinta, har kika buɗe shagon mayafai naki na kanki. Ni ya bar ni a nan. Na yi shekaru ina tsinkar jajayen 'ya'yan itacen goji a gonakin mutane har yatsuna suka rine, sai da Malama ta rasu aka miƙa mini darasin mata da wankan mamatansu. In kin duba da kyau, babu wadda ta zana hanyarta a cikinmu.

Zan je, in Allah ya yarda. Sharaɗina ɗaya ne. Zan isar mata da saƙonki yadda kika ba ni, ba ƙari ba ragi, kuma zan faɗa miki abin da idona ya gani, ko bai yi miki daɗi ba.

Ki gaida kowa. Allah ya shirya mana zuriya.

Yayarki,
Guilan

Yiwu

Yaya,

Wa alaikumus salam. Wa'azi ya iso, na karanta shi a tsaye tsakanin masu sayayya biyu. Malam Ding yana amsawa, ya ce ki taho masa da goji idan kin ga dama.

Wai babu wadda ta zana hanyarta. Ke dai faɗi naki, Yaya. Ni na zana tawa, da farce ma kuwa. Kin manta safiyar da muka tashi ƙofa ta ƙi buɗuwa saboda rairayin da iska ta tara, Baba ya fita ta taga da shebur? Kin manta tarin mahaifiyarmu, wanda bai bar ta ba har kabari? Ni ban manta ba. Na yi shekaru a tsaye cikin kasuwa, Balarabe yana zagin mai kaya, mai kaya yana zagin Balarabe, ni a tsakiya ina mayar da zagin gaisuwa. Duk don kada 'yata ta san yadda rairayi ke ƙara a haƙori cikin taliya. Ta karɓi digiri, ta ɗauki jaka, ta koma wurin da ƙafarta.

Kin san abin da take yi a can? Na tambaye ta, ta ce kiwon gansakuka. Gansakuka, Yaya! Abin da nake biyan mutum ya goge mini a bangon bayan gida.

Na saka miki hula da man shafawa a cikin kwali, ki ba ta, amma kada ki ce daga ni suke. Ki je ki yi mata irin kallon nan naki da kike yi wa matan da suka makara darasi. Ba ta iya jure shi.

Sai na ji daga gare ki.

Yuemei

Zhongwei, ƙarshen Shawwal

Zuwa ga ƙanwata Yuemei,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki karanta wannan.

Na iso lafiya. Wenjing ta tare ni a tasha. Ta yi duhu, ta rame kaɗan, amma da hannu ɗaya ta ɗaga jakata. Na ba ta hular, ta juya ta ta ce, “Inna, wannan ɗinkin Yiwu ne, kada ki wahalar da kanki.” Na shiga kwance jakata, don ba zan yi ƙarya ba kuma ba zan tona miki asiri ba. Bayan mun sha shayi na isar da saƙonki gaba ɗaya. Ta saurara kanta a sunkuye, sannan ta ce, “Gobe ki zo ki gani, Inna. In kin gani ki sake faɗa mini.”

Da safe muka hau bayan babbar mota tare da matan da ke dasa kara. Aka sauke mu a gindin wani tudun rairayi, muka hau da ƙafa, ina haki ina salati. Da na kai samansa na ɗaga kai, sai numfashin ma ya tsaya.

Yuemei, an saƙa wa hamada raga. Iyakar ganina, tudu bayan tudu, an zana rairayin gida-gida da karan alkama, kowane gida faɗinsa bai wuce taku guda ba, har inda ƙasa ta haɗu da sama. Can ƙasa layin dogo ya ratsa, jirgi yana wucewa a natse, ba ko ƙwayar yashi a kan ƙarfensa. Kuma da hannu aka yi duka. Mace ta shimfiɗa karan a kwance, wata ta biyo ta da shebur ta ɗora bakinsa a tsakiya ta taka, sai tsakiyar ta nutse, kawunan biyu su miƙe tsaye. Shi ke nan. Iska ta zo da fushinta, ta yi tuntuɓe a kan ɗan karan nan, ta ajiye abin da ta ɗauko. Rairayin da ya kulle mana ƙofa, ga shi an zaunar da shi kamar ɗalibi. Na daɗe a tsaye ina tasbihi, ban ma san ina yi ba.

Shugabar matan sunanta Gwaggo Kang, ba Musulma ba ce, bakinta kuwa ba ya hutawa. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, “Wannan ce malamar? Malama, ki yi mana addu'a albashi ya zo da wuri, mu kuma mu koya miki hawan tudu ba da ƙafa huɗu ba.” Aka kwashe da dariya, ni ma na yi.

Yanzu ga abin da ya faru. Azahar ta yi, Wenjing ta tafi ɗaya gefen duba na'urorinta. Akwai Musulmi mata uku a cikin masu aikin, na ce su yi alwala, ni zan nemo mana wuri. A bayan tudun na ga wani fili a shafe, an kewaye shi da igiya da turaku, babu idon namiji. Na ce madalla, ashe har wurin salla suka ware. Akwai ɗan allo a gefe da lambobi da haruffan Turawa, kin san ni da su. Sai dai ƙasar wurin baƙa ce, ta yi ɓawo kamar busasshen miki. Na taɓa, na shinshina, zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa kaina ƙila dabbobi sun taɓa kwana a nan, fitsarinsu ne ya bushe. Kin san halina a kan tsarki. Na ɗauko shebur na shiga kankarewa har farin rairayi ya fito. Ban tsaya a wurin mutum ɗaya ba, na share mana na sahu guda, na ƙara da na ajiye takalma.

Sai na ji ihu daga saman tudu.

“Inna! Inna, tsaya! Ajiye shebur ɗin!”

Na ce, “Na kusa gamawa, 'yata, saura gefen nan.”

Ta gangaro a guje, ta faɗi ta tashi. Da ta iso igiyar sai ta tsaya cak, ba ta tsallaka ba. Ta durƙusa ta miƙa hannu ta ɗauki ɓawon da na watsar, ta riƙe shi a tafinta kamar fasasshen kwanon kaka. Ta ce, “Yana da rai, Inna.”

Ashe gansakukar da kike faɗa ke nan. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Tana renonsu a cikin ruwa a tashar binciken, ta zo ta fesa a cikin gidajen karan, su kama ƙwayoyin yashi su ɗinke su, su zama wa hamada fata. Kara yana ruɓewa bayan 'yan shekaru, fatar ce ke riƙe tudu bayansa. In an bar ta ta fito da kanta, jariri zai girma ya yi gemu kafin ta yi kauri. Aikin Wenjing shi ne ta gajarta wannan jira. Filin nan shi ne nata, tun zuwanta take renonsa, kuma da shi shugaban tashar zai duba a kaka ya yanke ko za a tabbatar mata da aiki. Na kankare fiye da rabi.

Gwaggo Kang ta iso ta duba, ta riƙe ƙugu ta ce, “Kai, Malama! Guguwa ta shekara biyu tana neman filin nan ba ta samu ba, ke kin gama da shi kafin shayi ya huce.” Babu wadda ta yi dariya.

Mun yi sallar a wani wurin, a kan rairayi tsirara. Ni da nake koya wa mata gyaran salla, ban san raka'a nawa na yi ba.

Kin aiko ni in ɗauko miki ita, ga alama na yi abin da ya fi haka. Amma wallahi ba da nufi ba ne, kuma ba na so ki gode mini.

Allah ya yafe mana abin da muka sani da wanda ba mu sani ba.

Yayarki,
Guilan

Yiwu

Yaya,

Salam. Na karanta. Da farko na yi dariya har wata 'yar Yaman da ke zaɓen mayafi ta tambaye ni ko lafiya. Ke da shebur! Na ce shi ke nan, Allah ya kawo mafita ta hannun waliyyiyar gidanmu. Na ɗauki waya zan kira mai kamfanin in ce masa tana tafe.

Ban kira ba. Ban san dalili ba, kada ki tambaye ni.

Ta yi kuka? Ba ki faɗa ba, ke mai cewa ba ƙari ba ragi. Wenjing ba ta kuka da sauti tun tana ƙarama, leɓe take cizawa har ya fashe. Ki duba leɓenta. Tana cin abinci?

Kuma wane ne wannan shugaban da zai kori 'yata a kan laifin wata tsohuwa? Shekara biyu tana ƙonewa a rana, ba shi da ido? Ki samo mini lambarsa. Na iya magana da irinsu, na sa manyan 'yan kasuwa sun ba da haƙuri da yare biyu.

Duk da haka ki taho da ita. Sallah ta matso.

Yuemei

Zhongwei, tsakiyar Zulƙida

Zuwa ga ƙanwata Yuemei,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam Ding. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne bai iya riƙe alƙalami ba kwanakin nan.

Leɓen ya fashe, ya kuma warke. Tana ci, ni nake dafawa.

Ban koma Tongxin ba. Na roƙi wata ɗalibata ta riƙe mini darasi. Wanda ya ɓata kayan wani sai ya biya, wannan kuwa ba a sayar da shi a ko'ina, don haka na ce zan biya da abin da nake da shi. Na shiga cikin matan Gwaggo Kang. Ranar farko duk karan da na taka sai ya karye ko ya kwanta. Ta ce, “Malama, ba kashe kunama kike yi ba. Taka shi kamar kina jin kunyarsa.” Yanzu layina yana tsayawa, ko da yake ta ce daga nesa ake gane shi, wai ya yi kama da haƙoran mijinta.

A wurin hutu kowa takan ba da labarin abin da ya kawo ta. Gwaggo Kang kankana ta fara sayarwa a bakin titi, ta tafi kudu ta yi shekaru tana manna tafin takalmi a masana'anta, ciwon mijinta ya dawo da ita gida. Wata direbar tarakta ce a da. Wata kuma mawaƙiyar biki, muryar ta tafi ta bar ta. Shugaban da kike neman lambarsa, Farfesa Luo, dattijo ne mai furfura da facin gwiwa a wando. Na je da kaina na gaya masa ni na yi ɓarnar. Ya zuba mini ruwan zafi a kofin takarda, don shi ba Musulmi ba ne, ya san ba zan sha a kofinsa ba, ya ce shi likita ya so zama, makinsa bai kai ba aka tura shi sashen nazarin ƙasa, ya yi watanni yana kuka a ɓoye. Ya ce, “Ga ni har yau ina jinyar marar lafiya guda ɗaya, rairayin nan, kuma ba ni zan sallame shi ba.”

Bai ɓoye mini komai ba, ni ma ba zan ɓoye miki ba. Filin ya tafi, sauran da ya rage bai isa a yi hukunci da shi ba. Kujera ɗaya ce, masu nema uku, sauran biyun filayensu lafiya lau. Ya ce zai faɗi abin da ya sani game da ita a gaban masu yanke shawara, amma bai yi alkawari ba. Ba zan ba ki lambarsa ba.

Da na gaya wa Wenjing, sai ta ce, “In ba su ɗauke ni ba, Gwaggo Kang za ta ɗauke ni.” Gwaggo Kang ta ce, “Ke zan ɗauka. Innarki kuwa sai an ɗaure mata ƙararrawa a wuya, mu riƙa jin inda ta nufa.”

Ranar Talata da la'asar hadari ya taso. Kowa na gudu wajen mota, sai Wenjing ta kama hannuna ta ja ni wata hanya daban. Ta kai ni tsohon yanki, wanda mutanen zamanin Baba suka dasa. Can babu kara ko ɗaya, duk ya ruɓe tuntuni, sai baƙar fatar nan shimfiɗe a kan tudu, busasshiya, kamar an ƙone wurin. Ta tsayar da ni a kan turba ta ce, “Kada ki motsa, Inna. Ki dubi ƙasa kawai.”

Ruwan ya sauko, ba mai yawa ba. Ina kallo, Yuemei, da idona, ba labari aka ba ni ba. Baƙin ya fara laushi, ya kumbura kaɗan, sai kore ya taso daga cikinsa. Ba tsiro ne ya fito ba, abin da na ɗauka matacce ne ya buɗe. Kafin mayafina ya gama jiƙewa, tudun da ke gabana ya zama kore shar, na bayansa ma haka, har can nesa, kamar ana kunna fitilu ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙamshi ya tashi wanda ban taɓa ji ba a ƙasarmu. Na wanke mamata da yawa da hannun nan. Kullum ina gaya wa mata cewa Wanda ke rayar da ƙasa bayan ta mutu, haka zai tashe mu. Da baki nake faɗa, kuma na yi imani. Amma ran nan sai na durƙusa a kan turbar ina kuka, yarinyar tana riƙe da kafaɗata tana dariya, ruwa na zuba a fuskarta.

A hanyar komawa muka bi ta filinta. Ɗan gefen da na bari ya yi kore. Inda na share mana wurin salla yana nan fari fat, ruwan ya shige ya wuce, bai tarar da kowa ba.

A cikin mota na sake faɗa mata saƙonki, kamar yadda ta nema tun ranar farko. Ga amsarta, kalma da kalma: “Ki ce wa Mama ba ita nake gudu ba. Ita ta tsere wa rairayi ta tserar da ni, ta kyauta. Ni kuma so nake in ga ya tsaya wuri ɗaya.”

Ba zan taho da ita ba, Yuemei. Ban ce hanyarta ta fi taki ba, kuma mai yiwuwa ne idan kaka ta yi ta rasa nan ta rasa can, ni ce kuma sila. Wannan nauyin nawa ne. Abin da ya rage naki ne, ke da mai kamfanin, ke da 'yarki.

Allah ya zaɓa mana abin da ya fi alheri, ya sa mu gane shi in ya zo.

Yayarki mai ƙaunarki,
Guilan

Yiwu, jajibirin Sallah

Yaya,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah tun kafin ta zo.

Jiya na je wurin mai kamfanin da ƙafata, na ce ya ba wani kujerar. Ya ce, “Kin tabbata, Hajiya?” Na ce ban tabbata ba, ya dai bayar kafin in sauka daga bene. Har yanzu ina ganin wauta ce, ki gaya mata haka.

A'a, bari. Ni zan gaya mata.

Na kira ta da hantsi, ba ta ɗauka ba. Na san tana fili. Ki ce ta riƙa sa wayar a aljihu kamar sauran mutane. Na sallami masu sayayya, na rufe rabin ƙofa, ina nan zaune. Zan sake kira bayan la'asar.

Ƙanwarki,
Yuemei